Baba, Mai Jin Kukan Boris

Mu na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. Baba ya koma da hantsi, ana tsakiyar kakar shinkafa, lokacin da layin masu inji na bayan gidanmu a Jega ba ya tsayawa ko don cin abinci. A gidan nan aka haife ni, kuma tun da na yi wayo ban san unguwarmu ba tare da ƙugin inji ba. Da shi muke hira, da shi muke salla. Amma da aka fito da makara daga zaure, sai na ji injinan suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya, daga na jikin katangarmu har na bakin titi. Mu mata muna zaune a tsakar gida, har kukan kajin maƙwabta muna ji.

Inna, mahaifiyarmu, ta ɗaga kai ta ce, "Wuta anka ɗauke?"

Wata maƙwabciya ta ce, "A'a, Inna, su sunka kashe da kansu. Duk sun tahi jana'iza."

Tun safe Inna ba ta yi kuka ba. A nan ne ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

A kwanakin zaman makoki mutane sun zo daga Aliero da Maiyama da Kimba, har da ƙauyukan da ban taɓa jin Baba ya ambata ba. Da yawansu in sun ɗaga hannu za a shafa fatiha sai ka ga baƙin mai a ƙarƙashin farce, irin wanda sabulu ba ya fitarwa. Wasu na cewa ya hana su asara, wasu na cewa ya cika taurin kai, kuma duk da murmushi suke faɗa. Baffa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, mutum ne mai surutu da barkwanci, amma yana zaune a bakin zaure yana karɓar gaisuwa da kai kawai.

Wani magidanci daga Aliero ya nemi izini ya shigo gaida Inna. Ya durƙusa daga nesa, ya yi mata ya haƙuri, sannan ya ce akwai maganar da yake so iyalan mamaci su sani. Shi ma mai gyaran moton inji ne, kamar Baba. Ya ce lokacin yana sabon shiga sana'a ya sa wa wani mai injin matsar man gyaɗa sabon boris, zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da ke cikin moto, ya buga shi da guduma har ya shige. Ba a daɗe ba moto ya fara zafi, mai inji ya aika aka ɗauko Baba daga Jega. Baba ya cire boris ɗin, ya wanke shi da kananzir, ya fita da shi rana yana juyawa. A cikin zoben akwai 'yan lotsattsun wurare a jere, tazararsu daidai da tazarar ƙwallayen, kuma duk mai sana'a ya san aikin guduma ne. Mai inji ya tambaya laifin wa ne, yana hararar saurayin.

"Wallahi, Inna, na sadaƙas," in ji mutumin. "Da ya buɗe baki, Aliero ba mai sake ba ni aiki. Sai yac ce, 'Boris ya mutu, sabo za a sa. Shi za ya sa, ni in tsaya.' Ya sa anka ɗumama boris ɗin cikin mai, na zura shi da hannuna, ya shige kamar zobe ga yatsa. Sai da nir raka shi tasha kana yac ce mini, 'Ka aje gudumag ga gida, ta masu ƙira ta.' Bai ƙara ko kalma ba."

Inna ta ce ita ba ta taɓa jin labarin ba. Ni ma haka.

Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan. 'Ya'yana sun san kakansu a matsayin tsoho mai nauyin kunne, wanda in ya yi magana har waje ana ji. Ina so su san wanda aka kashe wa injuna.

Ga wanda bai san sana'ar ba, moto shi ne injin lantarkin da ke juya sauran injuna, na casar shinkafa ne, na matsar mai, ko na tura ruwa. A tsakiyarsa akwai sandar ƙarfe mai juyawa, kuma kowane ƙarshenta yana zaune a cikin boris, wato zobe biyu na ƙarfe da 'yan ƙwallaye a tsakaninsu. In boris ya cinye, sandar takan sauka ta goge wayoyin ciki, moto ya ƙone, aiki ya tsaya cik ana jiran mai naɗin waya, buhunan mutane na jibge. Masu gyaran moton da ya ƙone suna da yawa. Abin da aka san Baba da shi shi ne gane cewa boris ya fara ciwo tun moto na aiki lafiya lau a idon kowa. A wani kamfanin gurzar auduga ya koya yana saurayi, da kamfanin ya rufe ya dawo gida da iliminsa da wani dogon sukudireba mai ƙotar katako.

In ya shiga wurin inji, ba ya taɓa komai sai ya gaisa da kowa, har mai kwasar ɓuntu. Sai ya tuɓe babbar riga ya rataye, don ya ce bel ɗin inji ba ya tambayar rigar wa ce kafin ya ja. Ya kai bayan hannunsa gaban moto, ya kai baya, ya ji wane gefe ya fi zafi. Sannan ya ɗora bakin sukudireba a kan murfin boris, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Masu inji sun san ba a yi masa magana a lokacin. Daga ƙarshe ya lakato giris, man da ake shafa wa boris, da yatsa, ya shinshina, ya murza, ya fita da shi haske. In ya ga yana ƙyalli, ƙarfe ne ya fara cin ƙarfe. In ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. In yana da tsakuwa-tsakuwa, ƙurar ɓuntu ta sami hanya.

Ni sai da na girma na yi aure ya taɓa sa ni na saurara. Ina koyarwa a firamare, sai na haɗa ɗan injin niƙa mai lantarki a gidana don matan unguwa. Wata Juma'a ya biyo ta wurina daga masallaci. Na dama masa fura, ya ce a ajiye tukuna, ya nufi rumfar injin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata.

"Uwata, taho ki ji abinki." Ya manna mini ƙotar a bayan kunne. "Mi kike ji?"

Na ce, "Ƙara nake ji, Baba."

"Duk ƙara ta. Wacce iri?"

Na sake kasa kunne. Can ƙarƙashin ƙugin akwai wani siririn fito. Ya mai da sukudireban ɗaya gefen, nan kuwa sai wani shuu mai laushi, kamar ruwan sama na zuba a nesa. Ya ce wannan shi ne mai lafiya. Mai fito yana neman taimako. In ya fara ƙas, ƙas, ƙas a jere, zoben ya sami rami. In ya koma gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, ba a bukatarsa, ko mai wucewa a hanya ya san ya mutu.

Na ce to a sayo sabo. Ya girgiza kai. Ya kashe injin, ya danna bel da babban yatsa, bel ko motsi bai yi ba. Wanda ya haɗa mini injin ya ɗaure shi tamau, yana jan sandar gefe guda, boris ɗin wajen na shan wahala. Ya sassauta, ya daidaita, ya ƙara giris ɗan kaɗan, aka tayar. Fiton ya ragu, zafin ya sauka, kuma boris ɗin ya daɗe yana aiki bayan nan. Wannan ita ce maganar da ya fi yawan yi, a gida da waje: boris ba ya mutuwa da wuri haka kawai, akwai abin da ke kashe shi, kuma in ka canza ba ka gano abin ba, sabon ma ka miƙa masa ne. Yakan yi faɗa da masu ɗura giris kowace safiya har ya yi ambaliya, da masu haɗa giris iri biyu, da masu ɗora moto a kan daɓen da bai daidaita ba. Ya zauna ya sha furarsa, ya ce ta yi tsami.

Tsakaninsa da Inna kuwa akwai rigimar tukunya. Da yake ba ya buga boris, sai dai ya ɗumama shi a mai ya buɗe kaɗan, kullum yana neman abin ɗumamawa. Inna ta ware masa tsohuwar tukunya, amma in babban boris ya zo sai ya faki idonta ya ɗauki ta miya. Ranar da muka ci tuwo da miyar kuka mai warin man inji, Inna ta ajiye masa kwanon a gaba ta ce, "Malam, shinshina ka gaya muna ko ruwa ya shiga." Ya yi dariya har ya ƙware. Washegari ya shigo da sabuwar tukunya, amma bai daina ba.

Rigimar da ba ta dariya ba ita ce tasa da Baffa.

Baffa yana da shagon kayan inji a kasuwar Jega, kuma wurinsa Baba yake tura kowa. Wata shekara wasu boris suka shigo kasuwa, kwalinsu mai kyau, sunan kamfanin ƙwarai a jiki, ga araha. Baba ya sa ɗaya a wani injin shinkafa a Kimba. Kafin kaka ta ƙare aka aiko masa moto na zafi. Abin ya yi masa ciwo, don shi ya sa da hannunsa. Ya duba bel, ya duba zaman moto, ya duba giris, bai ga laifin kowa ba. Da ya fasa boris ɗin sai ya tarar ƙarfen ne marar kyau, ƙwallayen sun yi kaushi tun ba a je ko'ina ba. Jabu ne.

Ya tafi gidan Baffa bayan la'asar, su biyu a zaure, ya ajiye masa ƙwallayen a tafin hannu. Baffa ya ce, "Yaya, kowa su shika saidawa. In ban kawo ba, na kusa da ni ya kawo, masu saye su koma can."

Baba ya ce, "Ban hana ka kawowa ba. Ka gaya ma mai saye wanga na ƙwarai na, wanga ba na ƙwarai ba na, shi zaɓa da kuɗinai."

Baffa ya ce to. Amma bai yi ba.

Ranar kasuwa Baba ya biyo ta layin, sai wani mai inji daga Gehuru, da ya riga ya karɓi boris a shagon Baffa, ya tare shi a ƙofar shagon ya ce ya duba masa, tunda shi zai sa. Baba ya buɗe kwalin, ya zura yatsa, ya juya boris ɗin kusa da kunnensa. Ya daɗe yana juyawa, fiye da yadda yake bukata. Sannan ya mayar cikin kwali.

"Ba ni sa wanga ga motonka."

Mutumin ya ce, "Malam, ai na shagon ƙanenka na."

"Na sani."

Kafin a tashi kasuwa maganar ta zagaye layin. Da yamma Baffa ya faɗo gidanmu ko sallama bai gama ba. Ina nan, lokacin ana shirin bikina. Ya tsaya a tsakar gida yana ɗaga murya, yana cewa nono ɗaya suka sha, yana cewa Yaya ya tozarta shi gaban yaran shago, ya zaɓi baƙo a kan jininsa. Baba na zaune a kan buzu bai ɗago ba. Da Baffa ya numfasa, sai ya ce, "Na taho gidanka, mu biyu, na gaya maka." Baffa ya kaɗa riga ya fita.

Da ya tafi Inna ta ce, "Malam, ba ka iya cewa ba ka tabbatar ba?"

Ya ce, "Ai na tabbatar." Abincin ranar haka aka ɗauke shi bai taɓa ba.

Baffa ne waliyyina, kamar yadda aka saba. Na kwana da tsoron ba zai zo ba, har na rame. Ya zo, ya ba da aurena, aka shafa fatiha, ya sa takalmi ya tafi bai ci komai ba. Daga nan aka daina zuwa gidan juna sai da dalili. Baba ya daina bi ta layin masu kayan inji, yakan zagaya ta wajen masu albasa ko da rana ta take. Mutanen da suka san labarin mai gyaran Aliero yanzu suna iya tambaya me ya sa ya rufa wa bare asiri bai rufa wa ƙanensa ba. Abin da na fahimta shi ne, wancan bai sani ba ne, shi kuwa Baffa an gaya masa. Amma na san Baba bai taɓa jin daɗin ranar ba.

A hankali, ba tare da ya gaya wa kowa ba, Baffa ya kwashe jabun daga shagonsa. Ya sha wuya kafin masu saye su dawo, amma da suka dawo shagonsa ya zama wurin da ake zuwa in ana son abu na ƙwarai. Baba ya ci gaba da cewa masu inji su je can, ba tare da ya ambaci sunan mai shagon ba, sai dai ya ce "shagon da ke kusa da famfo". Suka koma gaisawa a masallaci da wurin suna. Amma hirar da suke yi a da, har Inna ta kore su don a share tsakar gida, ba ta dawo ba. Shekaru suka tafi a haka.

Sannan kunnen ya fara tafiya. Inna ce ta fara lura, da rediyonsa ya fara damun maƙwabta. Duk rayuwarsa a cikin ƙugin inji ya yi ta, ba abin mamaki ba ne, amma ga mutumin da kunne ne jarinsa abin ba ƙarami ba ne. Bai ɓoye ba. Wani mai inji a layinmu ya ce mini Baba ya saurari motonsa ya daɗe, sannan ya sauke sukudireba ya ce, "Ban ji komi ba, amma kak ka dogara da hakanga. Kunnena ya rage." Ya koma cizon ƙotar katakon da haƙora, ya ce ta nan girgizar na isa kansa. An sayo masa abin ƙara ji na sawa a kunne, ya jefa a aljihu, ya ce fito yake yi kamar boris marar giris.

Maigidana injiniyan lantarki ne, yana da wata na'ura ta hannu da ake mannawa a jikin moto ta auna girgizarsa ta nuna a gilashi. Na zaci Baba zai raina ta. Ranar da ya fara ganinta sai ya sa aka gwada ta a kan moton da ya riga ya san ciwonsa, ya ga ta nuna gefen da ya sani, ya ce, "Awo, tana da kunne." Daga nan suka fara fita tare. Abin dariya shi ne maigidana, da kunyar suruki, ba ya iya ɗaga wa Baba murya, Baba kuma ba ya jin magana sai an ɗaga. Sai ka ga injiniya ya sunkuyar da kai yana magana ƙasa-ƙasa, Baba na cewa, "Injiniya, da ƙasa kake magana ko da ni?"

A wannan lokacin ne wani Alhaji ya kafa babban injin shinkafa a Maiyama, na zamani, mai akwatin da ke ƙara wa moto gudu ko ya rage. Boris ɗin babban motonsa ya riƙa mutuwa tun bai yi kwanan kirki ba. A canza, ya sake mutuwa. A shagon Baffa yake saye, sai wani ya tuna masa tsohon labari. Alhajin ya shiga faɗa a Maiyama da Jega cewa Baffa ya koma halinsa, har ya ce zai kai ƙara wurin shugabannin kasuwa. Masu saye suka fara ja da baya. Baffa bai zo wurin Baba ba. Matarsa ce ta gaya wa Inna tana hawaye, Inna ta kai bakinta kunnen Baba ta gaya masa.

Lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura, likita ya ce ya huta. Ya aika aka kira maigidana ya ce, "Injiniya, kai ni Maiyama." Na ce, "Baba, da ƙafag ga?" Ya yi kamar bai ji ba, kuma a ranar ban san ko da gaske ne ba.

Maigidana ne ya ba ni labarin abin da ya faru, Alhajin ma ya maimaita shi da bakinsa a wurin ta'aziyya. Na'ura ta nuna cewa sabon boris ɗin da ke ciki ma ya fara ciwo. Baba ya sa aka kashe moto. Ya danna bel, daidai. Ya duba zaman moto da ƙusoshin ƙafarsa, daidai. Ya murza giris, ba ruwa, ba ƙura, sai dai ya yi baƙi fiye da kima. Ya ce a kawo masa waɗanda suka mutu. Aka yanka ɗaya, ya wanke, aka sa masa kujera a rana. A cikin zoben akwai wasu siraran layuka a jere, tsaf-tsaf, kamar haƙoran matajin kai. Ya daɗe yana kallo, yana bi da farce. Ma'aikata sun kewaye shi.

Sai ya ɗago ya ce da muryar nan tasa da ake ji har waje, "Alhaji, boris ɗin ga na ƙwarai na. Ƙarhe mai kyau na. Wanda duk yac ce jabu na ya ɗauki alhakin ƙanena. Amma abin da ka kashe shi, ban sani ba. Tunda nike ban taɓa ganin zanen ga ba." Ya miƙa wa maigidana zoben. "Injiniya, duba."

Maigidana ya taɓa ganin irinsa a wurin wani horo. Ya ce wuta ce. Akwatin nan mai sarrafa gudu yana sa wata 'yar wuta ta taru a sandar moto, ta rasa hanyar fita sai ta cikin boris, tana tsallaka ƙwallayen tana ƙona ƙarfen kaɗan-kaɗan, har ta bar wannan zanen. Baba ya ce bai ji ba. Maigidana ya manta da kunya ya faɗa da ƙarfi. Baba ya sa ya maimaita, ya yi tambaya, ya sake tambaya, har ya gane sarai. Sai ya buga cinya yana dariya, ya ce, "Ashe wuta ma na cin boris! Da na mutu jiya da ban sani ba."

Aka sayo boris mai rufin da wuta ba ta ratsawa, aka sa wa sandar abin da zai zubar da wutar ƙasa, ciwon ya tsaya. Amma kafin su bar Maiyama Baba ya riƙe hannun Alhajin ya ce, "Saura guda. Kasuwa kab ɓata shi, kasuwa za ka gyara." Alhajin mutumin kirki ne. Ranar kasuwa ya zo Jega, ya tsaya a ƙofar shagon Baffa, ya faɗa gaban kowa cewa shi ya yi kuskure. Shi kuwa Baba ya sa guntun zoben a aljihu, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya fito da shi ya nuna masa zanen, ya ce surukinsa ne ya gano. Maigidana har ya riƙa gudun zauren.

Wannan ita ce fitarsa ta ƙarshe wurin aiki. Da ciwon ya kwantar da shi, Baffa ya fara zuwa kullum bayan la'asar. Yakan kawo lemo ko kankana, ya zauna a bakin gado, ya yi addu'a ya tafi. Wata rana ina ɗakin ina yi wa Baba fifita, Baffa ya gyara zama, ya cire hula ya mayar, sannan ya sunkuya wajen kunnensa.

"Yaya, ka yahe mini."

Baba ya ce, "Mi?"

Baffa ya ɗan ɗaga murya. "Na ce ka yahe mini."

"Mi kac ce?"

Baffa ya dube ni, idonsa ya yi ja. Sai ya cika ƙirji ya faɗa da iyakar ƙarfinsa, "Yaya! Maganag ga ta boris! Kai ad da gaskiya! Ka yahe mini!" Na ji hirar matan tsakar gida ta tsaya cak.

Baba ya yi murmushi. "Tun ta hwarko na gane, ga bakinka. So nike gida su ji, tunda waccan ranar ma sun ji."

Baffa ya fashe da dariya, hawaye na zuba a gemunsa. Baba ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Na yahe tun ba ka kai zaure ba. Ni ma ka yahe mini. Da na ja mutumin gehe, ba ƙohwar shagonka ba. Na daɗe ina tunaninta."

Baffa ya gyaɗa kai. Baba ya juyo wajena ya ce, "Uwata, ce ma Innarku ta damo hura. Ludayi guda ya isa." Baba da ya kwana biyu ba ya karɓar komai, ranar ya sha. Yana sha ya miƙa wa ƙanensa, ƙanen ya sha ya miƙo masa, suna gardama a kan wanda a cikinsu ya fi cin duka wurin mahaifiyarsu suna yara, har aka kira magariba Baffa bai tashi ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah Ya ba Inna da Baffa haƙurin rashinsa, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu tarar da shi cikin rahama.